"Ta Yi Kwantai": Halin Da Matan Da Aure Ya Yi Wa Jinkiri Suke Ciki A Darmanawa

DUK wanda ya saba bin lungunan Darmanawa bayan sallar isha'i ya san yadda ƙofofin gidaje suke kasancewa. Nan ga saurayi ya jingine babur yana gyara zaman hula, can ga wani ya aiki yaro cikin gida a ce ana sallama da wance, ga tabarma an shimfiɗa a soro, ga 'yan kujerun roba biyu a gindin katanga. Wannan shi ne zance, kamar yadda muka gada, kuma har gobe haka ake yinsa a Kano.

To, amma akwai gidajen da aka daɗe ba a aika yaro ba. A cikinsu kuwa akwai mace, lafiyarta ƙalau, ga ilmi ga tarbiyya, wata ma ita ce ke ɗauke da cefanen gidan, sai dai shekarunta sun haura talatin ba ta taɓa aure ba, ko kuwa ta yi auren ya mutu, zawarci ya miƙe. Ba a cika maganarta a fili ba. Ana yi ne a gidan biki da gidan suna, da murya ƙasa-ƙasa, bayan ta ba da baya.

Darmanawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni, tare da su Gyadi-Gyadi ta Arewa da ta Kudu, da Unguwa Uku da Daurawa da sauransu. Wannan yanki na wajen ganuwa ya cika ya batse ne da yaɗuwar birni ta hanyar Zariya, musamman tun da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. Asibitin ya jawo ma'aikatan jinya da ungozomomi da ɗalibai, ga kuma makarantun kuɗi da ofisoshi da kantuna da suka biyo baya. Saboda haka in mutum ya tsaya a bakin titi a Gyadi-Gyadi da sassafe, zai ga mata birjik cikin hijabi suna tsaron A Daidaita Sahu za su wurin aiki. Da yawa matan aure ne. Da yawa kuma ba su ba ne, ba kuwa don ba sa so ba.

LISSAFIN SHEKARU

Bari mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma, rabin mata sun riga sun yi auren fari tun suna wajen shekara 16. Da wannan ma'auni iyayenmu mata suka tashi, da shi kuma har yanzu ake auna kowace yarinya.

Yanzu a ɗauki yarinyar da aka sa a makaranta tana shekara 6. Firamare shekara 6, sakandare shekara 6, ta kai 18 ke nan. Sau da yawa sai ta yi shekara ɗaya ko biyu tana neman gurbi a jami'a. In ta samu, karatun digiri shekara 4 ne, na jinya 5, na likita 6, in ba a yi yajin aiki ba. An kuwa yi: na malaman jami'a a 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Sa'an nan ga shekarar bautar ƙasa. Watau yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, ba ta kuma yi wasa da lokaci ba, tana iya kai shekara 26 ko 27 kafin ta riƙe albashinta na farko. A ma'aunin kakarta, ta riga ta makara da shekara goma.

Wa ya sa ta a wannan hanya? Mu ne. Tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 gwamnatoci da sarakuna da malamai suke kira a sa 'ya'ya mata a makaranta, muna kuma kukan cewa matanmu ba su da likitoci mata da za su duba su. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa wani littafinta suna "Wa Zai Auri Jahila?", aka yi ta muhawara a kansa a garin nan. Yau ga shi an wayi gari wadda ta yi karatun ita ake tsoro. A ce ta yi zurfi a boko, a ce idonta ya buɗe, a ce ba za ta juyu ba. Alhali kuwa ran da matar mai faɗin haka za ta haihu, wannan mai buɗaɗɗen idon yake addu'a ya tarar a ɗakin haihuwa.

Ba 'yan boko kaɗai abin ya shafa ba. Akwai babbar 'ya da mahaifi ya rasu ya bar ta da ƙanne, ta kama ɗinki ko koyarwa a Islamiyya ta riƙe gida, kafin ta waiwaya shekaru sun tafi. Akwai wadda wani ya riƙe shekara biyar da alkawari, ya kore mata kowa, daga bisani ta ji ɗaurin aurensa a bakin maƙwabta. Akwai kuma wadda aka yi gwajin jini ana dab da sa rana, aka tarar ita da shi duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, dole aka haƙura.

Kalmar da ake jifansu da ita ta isa abin dubawa. "Kwantai" kalmar kasuwa ce, ta tuwo ko ƙosan da aka kai talla aka dawo da shi. Namijin da ya daɗe bai yi aure ba ana ce masa tuzuru, wanda matarsa ta fita a ce masa gwauro, kuma a Kano akwai tashen da Nalako yake yi wa gwagware da azumi, a kama mutum a zaga da shi ana kiɗa ana dariya. Amma wannan sau ɗaya ne a shekara, da an sha ruwa kuma magana ta wuce. Ita mace tashenta kullum ne. Ƙanwarta ta yi aure, a dube ta. Ɗiyar yayarta ta haihu, a dube ta. Ko gaisuwa ta je yi wa gwaggo, ba za ta tashi ba sai an yi mata addu'ar da ta fi zagi ciwo, a gaban yara.

ZANCEN DA BAI DACE DA ITA BA

Zance irin namu an tsara shi ne don yarinya 'yar shekara goma sha biyar: a zo ƙofar gida, a yi sallama, ta yi kwalliya ta fito da ƙanwarta, a yi hira, a ba da toshi. Mace mai shekara 35, wadda da rana take ba da umurni a ofis ko take rarraba magani ga marasa lafiya, ba ta jin daɗin tsayuwa a gindin katanga yaran da ta goya suna leƙenta. In kuma ta ce a haɗu a wani wurin cin abinci a titin Gidan Zoo, da rana tsaka, gobe labari ya zaga unguwa an ganta da namiji. Soro ya yi mata kaɗan, waje kuma ya zama abin zargi.

Shi ya sa neman ya koma cikin wayar hannu. A Facebook da WhatsApp akwai masu haɗa aure, ga kuma masu dalilin aure na da, waɗanda yanzu suke yawo da hotuna a waya. An ƙulla aure na gari ta wannan hanya, ba a musu. Sai dai waya ba ta da maƙwabci. A da in mutum ya zo neman aure, kafin ya yi zuwa uku an san ubansa da sana'arsa da masallacin da yake salla. Wanda ya shigo ta waya kuwa, abin da ya ce shi ne, sai fa in an bincika.

Masu zuwa wurin irin wannan mace ba su da wuyar ganewa. Mafi yawa mai mata ne, kuma wannan ba laifi ba ne, addini ya halatta, mata da yawa sun shiga ta biyu ko ta uku sun zauna lafiya. Amma a cikin masu matan akwai wanda ba aure ya kawo shi ba, hira ya zo nema, ya yi wata shida yana cewa yana lallashin uwargida, ran da aka ce ya turo magabata sai wayarsa ta daina shiga. Akwai wanda tun zuwa na biyu zai tambayi matakin albashi. Irinsa ba ya ɓata lokaci: yau kayansa sun maƙale a hanya, gobe kuɗin asibitin mahaifiya, a ranta masa zuwa ƙarshen wata. Ita kuwa tana jin kunyar ta faɗa wa kowa, don kada a ce zumuɗin aure ya sa aka yi mata wayo. Da wannan kunyar mayaudari yake cin abinci, shi da ɗan tsibbun da zai ce mata aljani ne ya aure ta, a kawo baƙin bunsuru.

Wani lokaci kuma sai Allah ya kawo mutumin kirki, sa'anta ko wanda ta ɗan girma, maganar ta je gaban mahaifiyarsa ta tsaya cak. Tambayar farko ita ce, me ya hana ta aure duk tsawon wannan lokaci? Ta biyu, za ta haihu kuwa? Gaskiya ne likitoci sun ce samun ciki yakan fara raguwa bayan shekara 35, jinin al'ada kuma yakan ɗauke tsakanin 45 da 55. Amma in aka bincika, ita kanta Hajiyar mai tambaya wataƙila ta haifi autanta ne tana dab da arba'in, ba wanda ya ce komai. Ɗan nata kuma ba a tambayar lafiyarsa, sai ka ce rashin haihuwa ciwon mata ne kaɗai.

Kada mu zalunci samari, su ma suna da nasu kukan. Ga kuɗin na-gani-ina-so, ga gaisuwar iyaye, ga sadaki, ga lefe wanda yanzu sai an jera akwatuna, a cika su da atamfa da leshi na Kantin Kwari, ga kuɗin haya na shekara guda a dunƙule. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 71,000, kowa kuwa ya san iyakar inda wannan zai kai magidanci. Saboda haka saurayi yakan kai 35 kafin ya tara abin aure. In ya tara, sai ya tsallake sa'arsa da suka yi makaranta tare, ya nemi 'yar shekara 18. Su kuma iyayen mace suna nasu jinkirin, don kayan ɗaki da gara sun zama gasa. Kowane ɓangare yana ƙara wa kansa kaya, wadda ke tsakiya ita ke biya da shekarunta.

Wannan ba ciwon Kano kaɗai ba ne. A ƙasar Sin akwai laƙabin da ake yi wa matar da ta wuce 27 ba aure, ma'anarsa ragowa, kusan daidai da kwantai ɗinmu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa tun 1992 ta kafa asusu na musamman don taimaka wa 'yan ƙasa da kuɗin aure.

AUREN GATA

A nan gida, maganar ta fito fili ne a watan Janairu na 2009, sa'ad da Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiya ta zawarawa da marayu, ta shirya fito da zawarawa kan titunan Kano don a san halin da suke ciki. Hukumar Hisba ta hana wannan gangami. Amma shekara uku bayan haka, a watan Mayu na 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, ita Hisbar ce a ƙarƙashin Shaihu Aminu Ibrahim Daurawa ta jagoranci ɗaura auren zawarawa 100 a rana ɗaya. A watan Disamba na 2013 aka ɗaura 1,111. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800, ta biya wa kowace sadakin naira 50,000, da gado da katifa da kayan abinci da ɗan jari. A watan Mayu na 2024 kuma aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wadda ta haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila.

Wannan aiki ne na alheri, ya share wa gidaje da yawa hawaye. Sai dai maganinsa na wadda rashin kuɗi ya tsare ne, wadda take da manemi a hannu amma babu gado babu katifa. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinyar da muke magana a kanta tana iya sayen katifarta da kanta. Abin da ta rasa shi ne hanya mai mutunci ta haɗuwa da mutumin da aka san asalinsa, da kuma wanda zai tsaya mata ya yi bincike tsakani da Allah.

A nan ne nake ganin iyaye maza sun yi sake. Mun mai da nemar wa 'ya miji abin kunya, sai ka ce talla. Alhali kuwa ya tabbata a hadisi cewa da Nana Hafsa ta rasa mijinta, mahaifinta Sayyidina Umar da kansa ya je ya yi wa Sayyidina Usman tayin aurenta, sa'an nan ya yi wa Sayyidina Abubakar, kafin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aure ta. Nana Khadija kuwa, a riwayar da ta fi shahara, tana da shekara 40, attajira, ta kuma yi aure a baya, ita ce ta aika aka yi masa maganar aure yana ɗan shekara 25. Duk ɗan Islamiyya a Darmanawa ya san waɗannan labarai. Ana karanta su a aji, ana jinsu a wa'azi, amma da wuya ka ga uban da zai tari mutumin kirki bayan sallar asuba ya ce masa, Malam, ina da 'ya. Wani uban ma shi ne ke korar manema a ɓoye, don in ta tafi albashinta ya tafi.

INA ZA TA ZAUNA?

Duk abin da muka faɗa a baya ciwo ne na yau. Wanda ya fi shi, wanda kuma ba a cika tunawa da shi ba, shi ne na gobe.

A ƙasar Hausa ta da, ba a san mace baliga ta tsufa ba ta taɓa aure ba, amma an san wadda ba ta haihu ba, an kuma tanadar mata mafita. Baba ta Karo, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi aure sau huɗu ba ta sami haihuwa ba, duk da haka ba ta tsufa ita kaɗai ba, don dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙe ta aurar. Gidajen gandu ne a lokacin, ɗaki ba ya ƙarewa, tukunya ɗaya ce. Yau kowa ya ja iyalinsa ya koma gida mai ƙofa ɗaya, riƙo kuma yana ta ja da baya, kowa yana cewa ɗansa sai a gabansa.

Tarihi ma bai yi wa mace marar aure adalci a kan maganar muhalli ba. Dattawa suna tune da zamanin da in damina ta yi gardama, a garuruwa da dama na ƙasar Hausa akan yi shela a ba mata marasa aure wa'adi, ko su yi aure ko su bar gari, ba a rarrabe mai zaman kanta da wadda ƙaddara ta zaunar. An daina shelar, amma zargin bai tafi ba, ya koma bakin masu gidajen haya. Mace ta je neman ɗaki biyu kusa da wurin aikinta, da kuɗinta a hannu, tambayar farko da dillali zai yi mata ita ce, ina maigidan? Wadda aka turo aiki daga Katsina ko Gusau, ba ta da kowa a Kano, sau da yawa sai ta nemo wa ko kawu ya zo ya karɓi gidan da sunansa. In ta samu ta shiga, kowane baƙo da ya yi sallama sai an ƙidaya shi, ko da ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya.

'Yar gari kuwa tana zaune a gidan mahaifinta, a ɗakin da ta tashi, ana ganin ba ta da matsala. Ita ce ke kai tsoho asibiti, ita ce ke kwana da tsohuwa, don 'yan'uwa kowa yana da iyali, ita kuwa an ce ai ba ta da abin yi. Kuɗin da za ta sayi fili da shi ya tafi a magani da kuɗin makarantar ƙanne. Wannan jinya takan ci shekara goma, a cikinta kuma ake daina aiko yaro.

Sa'an nan ranar da ba makawa ta zo. An yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in, magada suka zauna. Shari'a ta ba ta haƙƙinta, rabin abin da namiji ya samu, a bisa cewa ɗawainiyarta tana wuyan miji ko 'yan'uwa maza. To, ita ba ta da na farko, na biyun kuma kowa yana fama da kansa. Gida ɗaya ne, magada goma sha, ba ya rabuwa sai an sayar, filaye kuwa a wannan yanki sun yi tsada, saboda haka ba a rasa mai saye. Sauran 'yan'uwa mata kowace ta karɓi rabonta ta koma ɗakin mijinta. Maza suka ƙara nasu a kan ginin da suka fara a Kumbotso ko Mariri. Ita kuma rabonta ba zai sayi ko ɗaki ɗaya a unguwar da aka haife ta ba. Wa ya ce ta koma wurinsa, matarsa ta yi shiru. Wanda ya sayi gidan ya ba da wata uku a kwashe kaya.